Neman Mulufi a Tsakiyar Bazara

A shekarata ta biyu da fara koyarwa, a wata kwaleji da ke karkarar Buza, aka ɗora mini shirya wasan kwaikwayo na ranar al'adu. Ni ke koyar da tarihi, ni ce kuma ƙaramar malamai, saboda haka babu wanda ya tambaye ni ko ina so. Darakta ya ce a yi wani abu na mutanen da, ya shige ofis ɗinsa. Na rubuta wasa a kan fataken Adar, masu kora jakuna kudu neman goro, su dawo su huta, su sake yin arewa har Agadas. Cikin kwana huɗu na gama shi, domin madugun da ke cikin wasan na san shi tun ina yarinya. Baban kakata ne.

Kakata mutuniyar Tamaske ce, amma tun rasuwar kakana take zaune a gidanmu. Yanar ido ta rufe mata gani, haske da inuwa kawai take rarrabewa, sai jan abu in ya yi ja sosai. Duk lokacin da ta ba ni labarin babanta, jabbarsa take fara ambata. Doguwar riga ce marar hannu, buɗe a gaba, ana ɗora ta a kan babbar riga. Ja ce, ta mulufi, wato jan yadin nan na gashin tumaki da ake kawowa daga ƙasashen Larabawa ta hamada. In ayari ya kusa gida, sai ya tsaya bayan dutse ya wanke fuska ya sa ta, komai zafi, don a san daga nesa cewa lafiya suka dawo. Ta ce tana ƙarama takan hau kan rumbu ta zauna, tana jiran ɗigon ja ya ɓullo tsakanin duwatsu.

Da ya rasu, asu ya riga ya cinye bayan jabbar. Yayyenta maza suka yayyanka abin da ya rage. Wani ya rufe laya da nasa, wani ya kai wa baduku ya yi wa kuben wuƙa ado. Ita da take mace kuma auta, bakin aljihu aka ba ta, ƙyalle kamar tafin hannu. Yana cikin adudunta, a naɗe da ƙajiji.

Ranar da na karanta mata wasan na ce, “Kaka, zan ɗinka irinta. Ki zo lakkwal, filin makarantarmu, ki ga babanki yana tafiya.”

“Gani na bar muku shi, 'yar lakkwal,” in ji ta. “Ni taɓawa nika yi. In kin ɗunka ki kawo in taɓa. In ita ce in gaya miki, in ba ita ba ce in gaya miki.”

Ta lalubo ƙyallen ta sa mini a hannu. Sau da yawa na sha ganinsa, amma ban taɓa riƙe shi da niyyar nemo ɗan'uwansa ba. Yana da kauri da taushi kamar kunnen ɗan maraƙi. Na ɗaga shi a rana, haske bai ratsa ba. Na nemi zaren tsaye da na kwance na rasa, sun shige cikin juna sun zama abu guda. Gefen da aka yanka da wuƙa tun kafin a haifi babana ko silin zare bai tsefe ba. Na sa shi cikin littafina na tafi, ina jin kamar na riga na gama rabin aikin. Sati bakwai ya rage.

Darakta ya riga ni samun nasa jan. Da na gaya masa ina neman jan yadi, ya buɗe kabad ya ciro wanda ake shimfiɗa wa tebur ranar raba kyaututtuka, mai sheƙi da santsi, in ka motsa shi yana ƙara kamar leda.

“Ga ja nan, Malama. Me kike nema kuma?”

Na ce ba irinsa ba ne. Ya ce iyayen yara daga nesa za su zauna, babu mai zuwa ya shinshina. Na ce akwai mai zuwa ta taɓa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in yi yadda na ga dama, amma yadin tebur yana nan in na gaji.

Akwai wani tsohon tela a rumfar da ke kusa da tasha, shi ya ɗinka wa innata kayan aurenta. Na kai masa ƙyallen. Ya daɗe yana murza shi, ya ce rabonsa da irin wannan tun yana koyon aiki wurin maigidansa a Madawa. Kafin in ankara ya sa allura ya tsinko ɗan gashi daga gefe. 

“Baba, amana ce!”

“Na sani, ɗiyata. Tsaya ki koyi abu.”

Ya ƙyasta ashana ya kara. Gashin ya ɗan yi tsuwa ya naɗe, wutar ta mutu da kanta, rumfar ta cika da ƙaurin babbakar kan rago ranar Layya. Ya murza bakin da ya ƙone, ya zama gari a yatsunsa. Sannan ya tsinto wani jan guntu daga cikin tarkacen da ke ƙarƙashin keken ɗinki, ya kara masa wuta. Wannan ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya dunƙule kamar tsakuwa.

“Kin gani? Wanda yay yi ƙaurin kan rago shi na ulu na gaske. Wanda yan narke roba ce, ko mi mai shago yac ce miki. Kada ki tambayi mai shago, ki tambayi ashana.”

Tun daga ranar kwalin ashana ya zauna a jakata tare da alli da jan biro.

Ban san cewa neman ulu a bazara abin dariya ba ne sai da na fara. Lokacin zafi ne na sosai, wanda awaki ke kwanciya jikin bango suna haki, ruwan randa ya yi ɗumi tun hantsi. Duk ranar da ba ni da aji sai in hau kabu-kabu ko in shiga mota in nufi kasuwa. A Tamaske wani mai yadi ya tambaye ni ko masassara nake yi, ya ce in haka ne likita zan nufa. Maƙwabcinsa ya ce a'a, miji ta samu a Faransa, tana haɗa kayan tafiya. Na yi murmushi, domin sa'annin babana ne, na nuna musu ƙyallen. Babu wanda ya ce babu. A kasuwa ba a cewa babu. Kowa cewa yake akwai, in zauna, ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da bargon nan mai laushi mai hoton damisa. Wani ya kawo mini ƙarammiski. Wata mata ta zube mini ƙwallayen zaren da ake saƙa wa jarirai hula, ta rantse ulu ne, ai kowa ma ulu yake ce masa. Na roƙe ta ɗan sili, na koma gefe na ƙyasta ashana. Ya narke ya manne mini a farce.

A Keita wani ya hango kwalin a hannuna ya miƙe tsaye. “Malama, ki yi wa Allah ki hita min daga shago da wutag ga. Ke ce anka ce kina yawo kina ƙona kayan mutane?” Ashe labarina ya riga ni zuwa.

Akwai yammacin da motarmu ta lalace kusa da Garhanga, muka sauka muka zauna ƙarƙashin wata adduwa. Garken tumaki ya biyo ta gabanmu, fararen nan masu dogayen ƙafafu da kunnuwa, rana tana sauka a bayansu. Na zauna ina ta saƙa a raina: a aske su, innata ta kaɗa zare da mazari, a nemo masaƙi, jabbar ta fito daga cikin ƙasarmu. Har na fara jin daɗi. Da tunkiya ɗaya ta matso na shafa bayanta, gashi ne gajere mai kaushi, a kwance kamar na akuya, ya biyo tafina da gumi. Duk rayuwata cikin tumakin nan nake, na kuma koya wa yara a aji cewa daga tumaki ake samun ulu, ban taɓa lura cewa namu ba su da shi ba.

Sati uku suka tafi a haka. Ina dawowa da ciwon kai da ƙuraje a wuya, in tarar da takardun yara ba a gyara ba. Kowane guntun da ya ɗan yi kama sai in kawo wa Kaka. Ba ta ma ɗaukar lokaci. Ta murza sau ɗaya ta miƙo mini. “Ba shi ba ne.” Wani lokaci ta ƙara da, “Wanga ko jakin babana ba ya yarda a ɗora mai shi.” Innata ta ce in bar tsohuwa da rigimarta, ai ko daga Makka aka kawo ba za ta ce shi ne ba. Na fara zargin haka nima. Na fara tunanin ko abin da take nema a cikin yadin nan babu shi a kowane yadi.

Telan ne ya ce in daina bin masu sabon kaya, in je Madawa wurin 'yan bosho, masu sayar da tufafin da Turawa suka gama sawa. Na je. Duk sun ɗaure kayan sanyi sun jibge a sito sai bayan girbi, riguna marasa nauyi kawai ke rataye. Wani dattijo a cikinsu ya ce in dawo wani satin, ɗan makullin yana wurin ƙaninsa. Na dawo, ya ce ƙanin ya tafi Konni. A zuwa na uku, ina jin ya ga alamar zan yi masa kuka a bakin rumfa, ya aika aka ɓalle kwaɗon.

Sito ne na kwano, ba taga. Na shiga kamar an tura ni tanda. Ya kwance dila biyu ya koma waje yana fifita. Na durƙusa ina jan manyan kwat-kwat masu nauyi ɗaya bayan ɗaya, warin kafur yana hawa mini kai, gumi yana ɗiga daga haɓata a kan rigunan mutanen da ban sani ba. Akwai na ulu a ciki, amma baƙaƙe ne ko masu ruwan toka, an yayyanka su da aljihu da maɓallai, babu inda za a fitar da doguwar riga. A can ƙasan dila ta biyu hannuna ya taɓa wani abu mai ɗan ƙaiƙayi. Bargo ne babba, fari mai ruwan madara, ko tabo babu. Na tsinki sili na fita waje na ƙyasta ashana. Ƙaurin kan rago ya tashi. Na tsaya a tsakiyar kasuwar Madawa ina shinshina yatsuna ina dariya ni kaɗai, dattijon yana kallona yana salati.

A mota na rungume shi a cinya duk da zafin. Ina isa na shimfiɗa wa Kaka shi a ƙafafu. Wannan karon ta daɗe. Ta murza, ta kai hanci, ta ja shi tsakanin hannu biyu.

“Dangi ne,” ta ce. “Amma ba shi ba ne. Wanga sako-sako ne, ina jin zarensa ɗaya-ɗaya. Na babana ba ka jin zare.”

Na naɗe bargon. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado, raina yana tafasa, ina jin haushin tsohuwar da ba ta yi mini laifin komai ba sai faɗin gaskiyar da ta yi alkawari. Kwana goma sha takwas suka rage. Na yanke cewa dangi ma ya isa.

Mushen wasanni, wato malamin motsa jiki, shi ne zai fito a madugu, dogo ne mai faɗin kafaɗa, shi kaɗai ke da muryar da za ta kai ƙarshen fili. Telan ya auna shi, ya auna bargon, ya sake aunawa. Ya ce zai fita cif, amma ko faɗin yatsa kada ya ragu. Saura a mai da shi ja.

Nan gwaggona ta shigo, ƙanwar babana. Gidanta yana bayan namu, sana'arta saƙar tabarma, kuma ita ke rina kabarta da kanta. A unguwarmu babu mai jan kaba irin nata. Ta ce a sayo galura a kasuwa, ta fi sauƙi. Na ce a'a, karan dafi nake so, jan da ake samu daga kuben wata irin dawa, irin wanda dukawa ke rina fata da shi, don jansa yana da zurfi kamar na ƙyallen. Ta ce tana da shi a rumbu. Na riga na yi karatu a waya, na gaya mata duk abin da na karanta: ulu ba ya son a jefa shi cikin tafasasshen ruwa, a hankali ake ɗumama shi, ba a motsa shi da ƙarfi, ba a murza shi, a bar shi ya huce a cikin tukunya. Akwai ma ɗan farin ƙyalle da aka ɗinka a gefen bargon, da hoton kwano da hannu a ciki, alamar a wanke da hannu. Na nuna mata, sannan na cire shi da reza don kada ya ɓata rinin. Muka ajiye magana sai Asabar, in ba ni da aji, mu yi tare.

“To,” in ji Gwaggo. Da na san irin wannan “to” ɗin nata da ban bar bargon a ɗakinta ba.

Ranar Alhamis na taso daga lakkwal da azahar, tun daga bakin zaure na ga jan ruwa ya bi kwata. Na shiga da sauri. Kaba ja tana shanye a kan darni, reras, gwanin kyau. Kusa da ita, a kan igiya, wani abu ne ja mai kauri, bai fi dardumar salla ba da kaɗan.

“Gwaggo, ina bargona?”

“Ga shi nan gabanki. Ke duba jan ga! Ko ni ban taɓa hidda ja awa wanga ba.”

“Wannan? Gwaggo, wannan ne bargon?”

“Ya ɗan shiga ruwa.”

“Ɗan? Ba mun ce sai Asabar ba?”

“Kin ce sai Asabar. Ni ko yau na ɗora tukunyar kaba, ruwa na tahwasa, karan dahi ya saki, kanwa ta ji. In zubar, in sake hura wata wuta jibi saboda bargo guda? Kin san inda aka zuwa icce yanzu? Ke kina lakkwal kina shan inuwa.”

Na tambaye ta yadda ta yi, ta faɗa mini ba tare da ɓoye komai ba, don a ganinta aiki ta yi mai kyau. Ta tsoma shi a tafasasshen ruwan kanwa, ta danna shi da muciya tana juyawa kamar tuwo don jan ya shiga ko'ina. Da ta tsame sai ta kai shi bakin rijiya ta sheƙa masa ruwan sanyi. Ta ga yana zubar da ja, ta sa sabulun salo ta hau kansa da ƙafa tana tattakawa, yadda ake wanke gwado, har ruwan ya fita fari. Duk abin da na ce kada a yi, ta yi shi, ɗaya bayan ɗaya, kamar jerin da na ba ta na abin yi ne.

“Na gaya miki ba a motsa shi!”

“Wayarki tag gaya miki. Waya ta taɓa rini? Shekara talatin ina rina kaba, ba wadda tat taɓa shigewa.”

“Kaba ba gashin tunkiya ba ce, Gwaggo!”

“To ni na sani? Mu tumakinmu nama aka ci.”

Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar. Na ji kunya tun maganar ba ta gama fita ba, kunyar ta ƙara mini haushi. Na fizge abin daga igiya, da sauran danshi, da nauyi kamar ɗanyar fata, na fita ba sallama. A tsakar gidanmu na jefar da shi kan tabarmar Kaka, na zauna a turmi na rufe fuska da gyale. Sati huɗu na yawo, zuwa uku Madawa, zafin siton nan.

Ina jin Kaka tana lalube. Na ɗago. Ta ɗora shi a gwiwa, hannayenta biyu a kai, tana shafawa a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Ta kama kusurwa ta murza. Ta kai kumatu.

“Ina kinka samo shi?”

“Bargon nan ne. Gwaggo ta lalata shi.”

“Ba ni wancan.”

Na ciro ƙyallen daga littafi na ba ta. Ta riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, idanunta a sama, bakinta yana motsi.

“Shi ne,” ta ce. “Wallahi shi ne. Sabo ne dai, na babana ya sha hanya. Amma shi ne.”

Na karɓa na duba da kyau a karon farko. Zaren ya ɓace. Tafasa da tattakawa sun cusa gashin cikin juna har ya zama abu guda, haske ba ya ratsawa. Na kawo almakashi na ɗan tsaga gefe, bai tsefe ba. Daga baya na karanta cewa haka ake yin mulufi tun asali: a saƙa shi da faɗi, a dake shi cikin ruwan zafi da sabulu har ya shige ya yi kauri. Shafin yana nan a inda na yi karatuna na farko, ƙasa kaɗan. Ni dai na tsaya ne a inda aka jera abin da ke ɓata ulu.

Ya kamata in yi murna, na sani. Abin da na ji shi ne kamar an ba ni ruwa a cokali. Da la'asar na kai wa tela. Ya auna da igiyarsa, ya yi tsaki, ya juya shi ta ɗaya gefen ya sake aunawa.

“Falmaran,” ya ce. “Ita ma ba ta mushenku ba. Ko kahwaɗarsa guda ba ta ruhewa. Ki samo min irin wanga ukku in ɗunka miki jabbar da ba a taɓa gani ba.”

Asabar na koma Madawa. Dattijon ya ce dilolin nan wani ɗan kasuwa ya kwashe su gaba ɗaya, kuma ko da suna nan, bargon guda ne, ni ma na gani. Na bi sauran 'yan boshon layi-layi, da kwalin ashana a hannu, har aka kira la'asar. Litinin da safe na ƙwanƙwasa ofis ɗin darakta. Bai yi mini gori ba, Allah ya saka masa. Ya buɗe kabad ya miƙo mini yadin tebur.

Ranar wasan fili ya cika. An kafa rumfa, an ba Kaka kujera a layin gaba, Gwaggo a gefenta, don mun shirya tun da na je na durƙusa na ba ta haƙuri. Yara suka shigo da jakunan aro da buhunan ƙaiƙayi a matsayin goro. Sai mushen wasanni ya ɓullo daga bayan aji, rana ta doki jabbar, ta yi walƙiya kamar madubin mota. Fili ya ɗauki guɗa. Mata suna cewa kai, mutanen da sun sa kaya. Ina tsaye bayan allo da takardar wasan a hannu, ina jin ƙarar yadin duk taku ɗaya, shuu, shuu. Na ga Kaka ta miƙa wuya tana bin jan da ido, daga wannan gefen fili zuwa wancan.

Da aka tashi mushen ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, yana haki, gumi ya jiƙe shi sharkaf. Ta sa masa albarka, ta ce muryarsa ta yi. Sannan ta miƙa hannu ta kama gefen jabbar. Murza ɗaya ta yi ta saki, ta goge yatsunta a zane.

A hanyar gida ina riƙe da hannunta, ta ce, “Daga nesa na ga ja ya hito. Wannan kam na gani.”  Sannan ta tambaya ko an ba jakunan ruwa.

Jan mulufin da Gwaggo ta rina yana wurin Kaka. Ta hana a yanka, ta ce an yanka na farko ta gani. Da sanyi takan rufe gwiwoyinta da shi in ta fito shan hantsi, duk wanda ya zo gaisuwa sai ta sa shi ya taɓa.

Ban haƙura ba. Bayan girbi, da aka kwance kayan sanyi, na samu barguna uku a Madawa, ba su kai na farko kyau ba amma duk sun yi ƙaurin kan rago. Na sayo icce da kaina don kada a yi maganarsa. Na zo da littafi da agogo na tsaya kan Gwaggo, ina tambayarta kanwa nawa ta sa a wancan karon, minti nawa ya yi a wuta, sau nawa ta juya. Ta ce kanwa dai daidai, wuta kuma har ya yi. Muka tsoma na farko. Ya fito da kauri a tsakiya, gefe sako-sako, ya karkace kamar ganyen da rana ta buga. A na biyu na ce a ƙara kanwa, ta ƙara, ya fito da kaushi kamar buhu, na ja shi ya yage a hannuna. Jan ma bai kama ba, ya tsaya wani ruwan ƙasa-ƙasa.

Na zauna a bakin murhu, hayaƙi yana shiga mini ido. Na ce, “Gwaggo, don Allah ki tuna. Me kika yi a ranar nan da ba mu yi yau ba?”

Ta jingina muciya da bango, ta share goshi da bakin zane.

“Rannan ba ki tsaye bisa kaina,” ta ce.

Na uku yana nan a naɗe cikin akwatina, fari, da kafur a kowane lungu. Na kasa ba ta, na kasa tsomawa da kaina.